Ɗorayi a Littafin Polly Hill

A shekarar 1977 aka buga littafin Polly Hill a Kambirij, wanda ta kira Population, Prosperity and Poverty, inda ta gwada zaman karkarar Kano na 1900 da na 1970. Wurin da ta zauna ta yi bincikenta shi ne Ɗorayi, kudu maso yamma da ganuwar birni. A zamanin nan babu gari a dunƙule, sai gidaje warwatse cikin gonaki, waɗansunsu manya ƙwarai, har akwai mai ɗauke da mutum fiye da 100. Yau kuwa Ɗorayi Babba da Ɗorayi Ƙarama unguwanni ne na Kano, gida na jingine da gida.

Abin da littafin ya tsaya a kai shi ne, mutanen karkarar Kano sun fi wadata kafin zuwan Turawa, gama suna fatauci da saƙa da rini, ba noma kaɗai ba. Da mulki da ciniki suka tattaru a birni, sai aka bar su da 'yan gonaki waɗanda rabon gado ke ƙara tsinkawa. A nan hujjarta tana da ƙarfi, domin gida gida ta bi, ba ta dogara ga takardun haraji kurum ba. Ta kuma nuna yadda matalauci kan sayar wa mai hali da gonarsa. Wanda ya riƙe wannan zai gane ko su wane ne suka ci ribar ƙasa sa'ad da gona ta zama fuloti.

Amma fa akwai inda ganinta ya gajarta. Ta auna darajar ƙasa da damin dawa da gero, ta ɗauki birni maƙwabci ne wanda ake ɗebo taki daga gare shi bisa jakuna. Ashe maƙwabcin nan tafe yake. Shekara guda bayan fitowar littafin aka kafa dokar mallakar ƙasa ta 1978, wadda ta sa filayen birni a hannun gwamna, watau muhimmiyar tambaya ta koma: ina birni ya ƙare?

Harshen Hausa bai taimaka wajen amsa ba, kuma wannan ya cancanci a tsaya a kansa. Kalmar unguwa tana nufin yanki na cikin birni, tana kuma nufin 'yan gidajen manoma a bayan gari. Saboda haka wuri yakan tashi daga ƙauye ya zama birni, sunansa bai motsa ba, mai unguwarsa ma yana nan da rawaninsa. Marubuciyar da ta cika ƙarshen littafinta na Batagarawa, na 1972, da bayanin kalmomin Hausa, ita ce ta fi cancanta ta bi sawun wannan kalma har ƙarshe. Batagarawar ma yanzu Katsina ta miƙo mata hannu ta hanyar Dutsin-Ma.

Malamin da ke koyarwa a Kankiya ko Kusada, inda har yanzu ana iya fita daga gari a taka kunya, zai sami amfanin littafin nan fiye da na Kano, gama shi yana da sauran dattawan da za su faɗa masa sunan kowace gona da wanda ya sare ta.