Wa Ya Kashe Yaron? Sharhi Kan Hukuncin Dillalin Ƙwaya a Labaranmu

Duk mai bibiyar ƙagaggun labaran da 'yan ƙungiyarmu ke rubutawa ya san cewa jigon shaye-shaye ya sami gindin zama, musamman tun 2018 da BBC ta fitar da bincikenta kan kodin, gwamnatin tarayya kuma ta hana haɗa maganin tari mai ɗauke da shi da shigo da shi. Wannan abin yabo ne, domin tun zamanin Mu'azu Haɗeja da waƙarsa ta giya alƙalamin Bahaushe yake faɗakarwa kan kayan maye. Sai dai akwai wani rauni da muke ta cin karo da shi, wato yadda ake ƙare labarin.

Zubin kusan iri ɗaya ne. Yaro ɗan kirki zai faɗa hannun abokan banza, ya sha ƙwaya ta fi ƙarfinsa, a wayi gari sai gawa. Shi kuma wanda ya sayar masa, ko motarsa ta kife, ko ya haukace yana yawo a bola, ko kuma alƙali ya yanke masa hukuncin kisa a layi biyu, kotu ta tashi. Marubuci ya huce haushinsa, amma ya tsallake tambayar da ta fi kowace nauyi: wa ya kashe yaron? Mai kemis ne, ko abokin da ya sayo suka raba, ko Alhajin da ya shigo da kayan kwali-kwali?

Wannan tambaya ta wahalar da manyan alƙalai. A Amurka akwai dokar 1986 da ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara 20 ga wanda ya sayar da ƙwayar da ta jawo mutuwa. Da ita aka ɗaure wani mai suna Burrage, wanda ya sayar wa wani mutum hodar heroin a jihar Iowa a 2010, mutumin ya mutu. To amma an sami wasu ƙwayoyin daban a jininsa, likitoci kuma suka kasa tabbatar da cewa da bai sha ta Burrage ba da ya rayu. A 2014 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke hukuncin, ta ce sai an tabbatar da hakan tukuna. Ga uwa tana kukan ɗanta, ga likita a gaban alƙali ya ƙi rantsuwa kan abin da bai tabbatar ba. Ina labarin da ya fi wannan taɓa zuciya?

Ba ma sai mun tafi nesa ba. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun bambanta kisan ganganci da na kuskure, sun kuma bambanta wanda ya miƙa guba ga mutumin da bai san guba ce ba da wanda ya miƙa wa mai sane, ya karɓa ya sha da hannunsa. To yaron da ya san ƙwaya ce, amma bai san ƙarfinta ya ninka abin da aka rubuta a jikin kwali ba, a wane ɓangare za a sa shi? Marubucin da ya zauna da malami na rabin sa'a zai fito da babi guda.

Masu gaggawar rataye dillali kuma su tuna da tarihinmu. A watan Afrilun 1985 gwamnatin soja ta harbe mutum uku a Kirikiri ta Legas saboda hodar ibilis, a ƙarƙashin doka ta 20 ta 1984, wadda aka mayar da aikinta baya ta hau kan laifin da aka yi kafin a kafa ta. An kafa hukumar NDLEA a 1989. Duk da haka binciken 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da ƙwaya a ƙasar nan sun kai miliyan 14.3. Ashe an yi ta dukan taiki an bar jaki.

Ba muna neman a wanke mai sayar da ajali ba ne, Allah Ya kiyaye. Shawararmu ga 'yan'uwa, musamman masu tasowa, ita ce a daina ɗora wa ƙaddara aikin da marubuci ya yi ƙyuyar yi. A shiga kotu a saurari shari'a, a tambayi likita yadda ƙwaya ke tsayar da numfashi, a bi sawun kwalba tun daga bakin yaron har zuwa sito. Idan mai karatu ya rufe littafi yana muhawara da kansa kan wanda ya cancanci ɗauri da wanda ya cancanci magani, to alƙalami ya yi aikinsa.

Allah Ya sa mu gyara.