Sulhun zaure tsakanin 'yan ƙasa da baƙi a Malanbil

Malanbil gari ne na bakin Kogin Kwara a arewacin Jamhuriyar Benin, yana kallon Gaya ta Nijar, kuma sunansa ya samo asali daga Henri Malan, gwamnan Faransa a tsohuwar Dahome, wato Benin ta yau. Ƙidayar 2013 ta ba gundumar mutum sama da 168,000: Dandawa su ne mafi yawa, sai Fulani da Mokole da Zabarmawa da Hausawa, da 'yan kudu da kasuwa ta jawo. A irin wannan wuri tambayar waye ɗan ƙasa ba ta da amsa ɗaya. Dandawan da ake kira masu gari sun tarar da Kyangawa a bakin kogin, kuma akwai Bafulatanin da kakan kakansa a nan aka binne shi amma har yau baƙo ake ce masa.

Sulhun gargajiya a nan ya jingina ne a kan mai masauki. Tun zamanin fataken goro da ke ratsa ƙasar Dandi zuwa Gwanja, baƙo ba ya sauka sai a hannun wani, fatoma ko mai gida, wanda zai tsaya masa idan ya ci bashi ko ya yi laifi. Wannan tsari bai mutu ba. Idan shanu suka shiga gonar dawa ko lambun albasa, a al'ada ba a fara da jandarma. Mai gona ya kai kuka wurin mai gari, a aika wa rugga, wato shugaban makiyaya, a fita da dattawa a ga ɓarna da ido, a yanka diyya. Makiyayi bai cika magana da bakinsa ba. Mai masaukinsa ne ke cewa "a yi haƙuri, nawa ne". Sau da yawa mai gona yakan yafe wani kaso a gaban jama'a, liman ya shafa fatiha. Wannan ragin shi ne zuciyar abin, domin shi ke sa wanda ya biya ya tashi ba da kunya ba, kuma gobe ya iya kawo shanunsa su yi wa gonar taki bayan girbi. Wasan taubasantaka tsakanin ƙabilu, wanda UNESCO ta sanya na Nijar cikin jerin gadon al'adu a 2014, shi ma yana sassauta zama kafin a shiga maganar kuɗi.

Sai dai ni a ganina zaure yana gyara zama ne, ba ya taɓa tushen mallaka. Wanda aka ara wa gona zai noma, ya kai dami ga mai ƙasa bayan kaka, amma ba zai dasa itace ba, don dashe alamar mallaka ce. Muddin ƙasa na da yawa, kowa ya gamsu. Yanzu da fadamun kogunan Kwara da Sota suka zama kuɗi saboda shinkafa da albasa, burtali kuma ya shige cikin gonaki, jikan mai aro da jikan mai bayarwa suna zuwa zaure kowa da labarinsa, shaidun kuwa sun rasu. Alƙalan ma galibi dangin ɓangare ɗaya ne. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, to amma yaya za a yi da raɓar da ta shekara ɗari?

Tsibirin Lete, can sama da Malanbil, ya nuna iyakar abin daga ɗaya gefen, wato na kotu. Makiyayan gaɓar Nijar da manoman gaɓar Dahome sun daɗe suna amfani da shi, har aka yi kashe-kashe a kansa a 1960, kuma a ƙarshen 1963 Nijar ta kori 'yan Dahome daga ƙasarta. Sai ranar 12 ga Yulin 2005 Kotun Duniya ta ba Nijar tsibirai 16 har da Lete, ta ba Benin 9. Kotu ta faɗi mai ƙasa, amma ranar da za a saki shanu cikin karan gona, wannan har gobe aikin dattawa ne.

Abin da ya fi raunana tsarin yanzu shi ne tsoro. Benin ta hana shigowar garkunan ƙetare a ƙarshen 2019, hare-haren 'yan bindiga daga gandun dajin W sun sa ana yi wa Fulani kallon zargi, sannan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023 ya jawo rufe gadar da ke haɗa Malanbil da Gaya, jama'a suka koma kwale-kwale. A irin wannan yanayi, tsaya wa baƙo ya zama kasada: mai masaukin da ya ce "nawa ne" yana iya kwana a hannun jami'an tsaro. Idan kuwa ba mai tsaya wa makiyayi, ƙarar ɓarnar kadada guda takan tsallake zaure ta tafi ofishin 'yan sanda, inda za a tsare shanu har a biya, babu ragi, babu fatiha.