Alheri Mai Tsada: Yadda Za Mu Karanta Littafin Bonhoeffer a Ƙasar Wudil

Da yawa daga cikinmu mun fara jin sunan Dietrich Bonhoeffer ne a ajin tauhidi, kuma abin da ya fi zama a kanmu shi ne bambancin da ya yi tsakanin alheri mai araha da alheri mai tsada. Tambayar da za mu duba a wannan darasi ita ce: in an tura mai hidima ƙauyukan ƙasar Kano, misali Utai ta ƙaramar hukumar Wudil, inda Musulmi ne mafi yawa, masu bi kuwa 'yan kaɗan, me zai ɗauka daga littafin nan domin gina rayuwar Kirista mai ɗorewa, me kuma zai yi hattara da shi?

Asalin littafin

Bonhoeffer fasto ne na ikilisiyar Lutheran a Jamus, an haife shi a 1906. Daga 1935 ya shugabanci makarantar horar da fastoci a Finkenwalde, wadda 'yan sandan asiri na Hitler suka rufe a 1937. A shekarar nan ce littafin ya fito da sunan Nachfolge, wato bin baya. Fassarar Turanci ita ce ake kira The Cost of Discipleship. An kama marubucin a watan Afrilu 1943, aka rataye shi a Flossenbürg ranar 9 ga Afrilu 1945.

Ya kamata mu san mutanen da ya yi wa rubutu. A Jamus ta lokacinsa kusan kowa an yi masa baftisma tun yana jariri, zama Kirista bai hana kowa aiki ko gado ba, shugabannin ikilisiya da yawa kuma sun sunkuya wa gwamnati. Cutar da ya gani ita ce shelar gafara ba tare da tuba ba, da bangaskiyar da ba ta taɓa sa mutum ya ɗaga ƙafa ba.

Inda littafin yake da ƙarfi

Babban amfaninsa shi ne ya ƙi raba bangaskiya da biyayya kamar damina da kaka, a ce wannan ta wuce tukuna sannan waccan ta zo. Ya kafa hujja da kiran Lawi (Markus 2:14), da fitar Bitrus daga jirgi (Matiyu 14:28-31), da saurayi mai dukiya (Matiyu 19:16-22). A ganinsa, kiran Yesu ne yake fara zuwa, amsa kiran kuwa ita ce bangaskiya, ita ce kuma biyayya. Wannan ya yi daidai da Romawa 1:5 da 16:26, inda Bulus ya ɗaure kalmomin biyu wuri guda, da kuma Afisawa 2:8-10, inda ceto kyauta ne, ayyuka nagari kuwa su ne abin da aka halicce mu dominsa.

Muna bukatar wannan magani. Akwai wa'azin da ya yaɗu ta rediyo da wayar hannu wanda ya mai da bangaskiya hanyar karɓar arziki da lafiya. Manomin da aka koya wa haka, ran da ambaliya ta cinye gonarsa a bakin kogin Wudil, ba shi da abin riƙewa. A misalin magina biyu (Matiyu 7:24-27) ruwa da iska sun bugi gidajen duka biyu, maginan kuma duka sun ji maganar Ubangiji. Abin da ya raba su shi ne aikatawa. A nan Bonhoeffer ya faɗi gaskiya, babu abin ragewa.

Inda za mu yi hattara

Na farko, masu sauraronmu ba irin nasa ba ne. A ƙauyen da masu bi suke tsiraru, sau da yawa bin Almasihu ya riga ya yi tsada. Wani ya rasa rabonsa a gandu, wata an fasa aurenta, wani dangi sun daina cin abinci tare da shi. Mai wa'azin da ya fito daga makaranta ya tsaya gaban irin waɗannan yana zarginsu da son alheri mai araha, ya ɗora wa mai kaya wani kaya ne. Abin da suke bukatar ji shi ne wanda ya kira su mai aminci ne, kuma shi ya fara biyan tsadar a kan gicciye. Magani mai kyau in an ba wanda ba shi da cutar, yakan zama dafi.

Na biyu, kalmar biyayya a Hausa tana ɗauke da nauyin da dole mu lura da shi. Mun taso muna jin bin na gaba bin Allah ne. Talaka yana yi wa dagaci biyayya, ƙane yana yi wa wa. Akwai alheri cikin wannan tarbiyya, amma da sauƙi fasto ya zauna a kujerar da ba tasa ba, har biyayya ga Almasihu ta koma biyayya ga ra'ayin shugaba a kan baiko, da gini, da wanda za a zaɓa dattijo. Wanda ya yi amfani da littafin nan haka ya juya shi kai ƙasa, gama marubucin ya mutu ne domin ya ƙi ba wani shugaba biyayyar da ta Allah ce kaɗai, kamar yadda manzanni suka tsaya a Ayyukan Manzanni 5:29.

Na uku, zafin harshen littafin yana iya haifar da bin dokoki. In muka ce biyayya ita ce ƙofar bangaskiya ba mu yi bayani ba, ajin baftisma zai koma jerin hani: kada giya, kada kaza, kada kaza. Mutum yana iya kiyaye waɗannan duka, amma yana zaluntar matarsa, yana tauye mudu a kasuwa. Majalisar Urushalima (Ayyukan Manzanni 15) ta ƙi ɗora wa sababbin masu bi karkiyar da ba ta ceto. Shi kansa Bonhoeffer, a wasiƙar da ya rubuta daga kurkuku ranar 21 ga Yuli 1944, ya nuna ya gane hatsarin da ke cikin littafin, ko da yake bai janye shi ba. Hatsarin shi ne mutum ya shagala da mai da kansa tsarkakke, ya manta da zama cikin duniya da wahalolin maƙwabtansa. Biyayyar da ba ta kai ga gaskiya a ciniki da zaman lafiya da maƙwabci Musulmi ba, ba ta kai ko'ina ba tukuna.

Rabin da ba mu cika karantawa ba

Yawancinmu mukan tsaya a babin farko. Amma kashi na biyu na littafin a kan ikilisiya yake: baftisma, da jikin Almasihu, da jama'ar da ake gani da ido. Wannan kashi ya fi dacewa da aikinmu. In mun gaya wa saurayi ya bar kome ya bi Yesu, sai mu tuna alkawarin Markus 10:29-30 ya haɗa da gidaje da 'yan'uwa da gonaki tun a wannan zamani. Ta hannun wa zai same su, in ba ta hannun ikilisiya ba? Ikilisiyar da ta kira mutum ga biyayya mai tsada, dole ta shirya masa ɗaki, da gona ko sana'a, da waɗanda za su tsaya masa ran aure.

Tarihinmu ya nuna haka. A 1913 wasu daga cikin Isawa suka zo wurin Dakta Walter Miller a Zariya. Aka kafa zama a Gimi, ciwon barci ya hallaka mutane da yawa, amma jama'ar ba ta ƙare ba, domin waɗanda suka rage sun sami 'yan'uwa da makaranta da suka riƙe su. Majami'ar Saint Bartholomew da aka gina da ƙasa a Wusasa a 1929 tana nan tsaye. Kowa ya san ginin ƙasa ba ya daɗewa sai harsashinsa ya yi kyau, ana kuma bin sa da yaɓe da gyaran indararo kafin damina. Harsashinmu an riga an kafa shi, shi ne Yesu Almasihu (1 Korantiyawa 3:11). Biyayya ita ce aikin da ake yi a kansa shekara da shekara, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka muna ba ɗalibai shawara su karanta littafin duka, su fara yi wa kansu wa'azinsa kafin su yi wa jama'a. Mu da muke da albashi da muƙami ne muka fi kusa da jarabar alheri mai araha.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A ikilisiyar da kake hidima, su wane ne suka riga suka biya tsada saboda bangaskiyarsu, kuma me ikilisiya ta yi musu?
2. Duba abin da kake koyarwa a ajin baftisma. Nawa ne umarnin Almasihu, nawa ne al'adar ikilisiya?
3. Ta yaya mai bi zai ƙi bin ra'ayin fastonsa ba tare da an ɗauke shi marar biyayya ba?