Hasashen damina: me ya sa mai wasa a teku ya fi manomin Gumel samun bayani?

Kowace shekara, a watan Janairu ko Fabrairu, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da kundin hasashen damina. A ciki akwai ranar da ake sa ran saukar damina, da ranar ɗaukewarta, da yawan ruwan da za a samu a ƙananan hukumomi 774, har da Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Aiki ne babba, kuma a 'yan shekarun nan har fassara shi ake yi zuwa Hausa. To amma ka tuna manomin da ya shuka gero a ruwan farko, tsiro ya fito, sai sama ta yi shiru mako biyu har ya ƙone. Tambayar wannan manomi ɗaya ce: in na zuba irina yau, zai rayu? A nan ne nake ganin hasashen namu ya gaza. Don ka gane yadda abin yake, bari mu leƙa wajen wasu mutane da ke nesa da gona.

Akwai masu wasan hawa igiyar teku a kan allo, ko a Legas za ka same su a Tarkwa Bay. Su ma da hasashe suke fita. Ilimin ya samo asali ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Harald Sverdrup da Walter Munk suka fito da hanyar lissafa girman igiyar da za ta iso gaɓa, aka kuma yi amfani da ita wajen saukar da sojoji a Normandi a 1944. A 1985 aka buɗe Surfline a Kalifoniya, layin tarho da mai wasa zai kira ya ji halin teku. Yau manhajarsu tana faɗa masa tsayin igiya, da daƙiƙa nawa ne tsakanin wata da wata, da inda iska ta dosa, awa bayan awa, a bakin ruwan da ya zaɓa. Ga kuma kyamara a gaɓa, yana gani da idonsa ko sun faɗi daidai. Wato an gina hasashen a kan shawarar da zai yanke: in je ko in zauna.

Gaskiya aikinsu ya fi namu sauƙi. Igiyar teku daga guguwa mai nisan dubban kilomita take tasowa, ta yi kwanaki tana tafiya bisa ƙa'idar da aka sani. Ruwanmu kuwa hadari ne da ke haɗuwa cikin 'yan awoyi, ya taso daga gabas ya nausa yamma, ya jiƙa Maigatari ya tsallake Gagarawa. A 2018 Peter Vogel da abokan aikinsa a Karlsruhe ta Jamus sun gwada hasashen ruwa na kwana ɗaya zuwa biyar da manyan cibiyoyin duniya ke yi wa wannan yanki na Afirka. Sai suka ga da ƙyar yake fin wanda ya duba tarihin ruwan shekarun baya kawai. Saboda haka in manhajar wayarka ta zana maka gajimare a kan Gumel ranar Talata, ka riƙe ta da hannu biyu-biyu, kada ka saki jiki.

Wani abin mamaki, samanmu ma yana da nasa igiyoyin. A damina, duk kwana uku zuwa biyar wata igiyar iska takan ratsa Sahel daga gabas, tana tafe da hadari, har ta fita teku ta gaɓar Senegal. Kusan kashi 85 cikin ɗari na manyan guguwowin Tekun Atilantika daga irin waɗannan igiyoyi suke tasowa. Shi ya sa masana a Amurka suke bin sawunsu, su ma masu wasan allo na gaɓar gabashin ƙasar suna jira. Hadarin da ya bi ta kan Sule Tankarkar yana da masu sa masa ido, sai dai ba don gonar gero ba.

Wahalar aikin ba ta wanke hasashen namu daga abubuwa uku ba.

Na farko, ranar nan guda ɗaya. A 1988 M.V.K. Sivakumar na cibiyar ICRISAT da ke kusa da Yamai ya ba da ma'aunin saukar damina da har yanzu ake aiki da shi a Sahel: a samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa a cikin kwana talatin da ke biye. Ka ga ke nan sai bayan wata guda ake tabbatar da cewa damina ta sauka. Tun daga aikin Edward Lorenz na 1963 kuma masana suka fahimci cewa hasashen rana takamaimai yana da iyaka, wajen mako biyu. Abin da hasashen Fabrairu zai iya faɗa, bisa zafin ruwan tekuna, shi ne inda daminar ta karkata: da wuri ko a makare. NiMet takan sa tazarar kwanaki da gargaɗin tsayawar ruwa a kundinta, amma kafin labarin ya iso rediyo da WhatsApp duk sun zube a hanya, rana kawai ta rage. Tsarin jadawalin ranakun shi ya jawo haka.

Na biyu, awo. Tsofaffin tashoshi masu dogon tarihi da ke kewaye da masarautar Gumel su ne irin na Kano da Nguru da Damagaram, kowacce da nisanta. A yankin da ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, kuma ƙauyuka biyu masu maƙwabtaka kan sha bamban, ranar da aka rubuta wa ƙaramar hukuma ƙiyasi ne daga nesa. Ya kamata a faɗi haka a fili.

Na uku, wa ke duba jarrabawar? Hukumar da ta yi hasashen ita ce take ba kanta maki a kundin shekara mai zuwa. Mai wasan teku yana da kyamara. Manomin riɗi a Gagarawa ba shi da takardar da ta jera abin da aka faɗa masa bara da abin da ya sauka.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. A riƙa faɗin hasashe da harshen da manomi ke lissafi da shi, misali: cikin shekara goma masu kama da bana, a nawa ne wanda ya yi binne ko ya shuka a ruwan farko ya sake shuka? Bayanin kwana goma-goma da NiMet ke fitarwa don noma a mai da shi Hausa, a sa a rediyo daga Mayu zuwa Yuli, a kuma karanta shi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Ma'aunin ruwa ba shi da tsada: a kafa a makarantun gundumomi, ɗalibai su riƙa rubutawa, a buga sakamakon kowa ya gani.

Kai kuma, in an turo maka ranar saukar damina a waya, kafin ka tura wa kawunka da ke gona, nemi amsar tambaya uku: tazarar kwana nawa ce, a ina aka auna, kuma me aka ce game da tsayawar ruwa bayan shuka? In babu amsa, gaya masa kada ya zuba irinsa duka a ruwan farko.