Gangar Noma: Nazari a kan Kiɗan da ke Tafiya da Aiki

A zamanin nan ana yawan kawo batun amfani da kiɗa da zane-zane a wuraren aiki, domin ma'aikaci ya sami walwala, aiki kuma ya yi auki. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni kusan kowace sana'a da kiɗanta: mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, mata suna da waƙoƙin niƙa da na daka, manoma kuwa suna da gangar noma. Marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo ma, wanda ya rasu a 1991, da kiɗan noma ya fara a hannun mahaifinsa kafin ya koma waƙar sarauta. Manufata a nan ita ce in auna wannan kiɗa, in nuna inda ya yi kyau da inda ya gaza.

A ganina, ƙimar gangar noma ba ta tsaya ga daɗin sauti ba. Babban aikinta shi ne daidaita hannu. Idan aka yi gayya, mutum talatin ko fiye suka jeru kowa da kuyyarsa, ganga ce ke sa fartanya ta sauka lokaci guda. Wanda ya bi kiɗa ba ya gaggawa, ba ya kuma nawa, saboda haka gajiya ba ta saurin kama shi. Bugu da ƙari, makaɗi yakan ambaci sunan mutum da na mahaifinsa. Talakan da ba a taɓa yi wa kirari a fada ba, a gona yake jin nasa.

Sai dai kuma kiɗan yana da aibi, wato zuga. Ina yaro, a farkon shekarun 1970, na halarci gayyar maimai a gonar baffana. Makaɗi ya tasa wani saurayi gaba da kirari har ya bar sa'o'insa a baya, amma rabin dawar da ke kuyyarsa ya sare ta tare da ciyawa, kafin azahar kuma an ɗauke shi ranga-ranga. Makaɗin ya sami kyauta, baffa ya yi asara. Tun daga ranar na fahimci cewa gwanin makaɗi shi ne mai lura da na baya, ba mai tunzura na gaba ba.

Turawan Ingila ma sun ci karo da irin wannan. A 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gidan rediyon BBC ya fara wani shirin kiɗa na rabin awa domin ma'aikatan masana'antu, wanda ya ci gaba har 1967. An zaɓi kiɗa sananne mai tafiya a kan ma'auni ɗaya. A 1942 har aka hana sanya wata waƙar Amurka a lokacin aiki, saboda ma'aikata kan saki abin da suke yi su kama tafi.

Na yi shekara 35 ina aikin gwamnati, na kuma ga ofis da aka ƙawata bangonsa da zane mai kyau alhali masinja yana bin albashin wata biyu. A nan gayya ta fi mu hikima, domin mai gona ba ya kiran makaɗi sai ya tanadi fura da tuwo. Kiɗa yana sauƙaƙa aiki, amma ba ya maye gurbin haƙƙin ma'aikaci.

Daga ƙarshe, ina kira ga malaman makaranta da su tura ɗalibai wurin tsofaffin makaɗan noma da suka rage a ƙauyukansu, su ɗauki muryoyinsu, su tambaye su yadda suke gane lokacin da ya kamata a sassauta kiɗa. Noman ƙodago da tarakta sun rage gayya ƙwarai, wannan ilimi kuwa a ƙirjin dattawan nan yake.