Maki 74 da maki 75: sikelin da aka auna malaman Kaduna da shi

Mai karatu, idan ka hau sikeli sau biyu a jere ya nuna maka kilo 60, sannan kilo 68, ai ba jikinka za ka zarga ba. Sikelin ne ke da matsala. To, jarrabawa ma sikeli ce.

A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu. Ta ce sai mai kashi 75 cikin 100 ne ya ci. Mutum 21,780 suka gaza, aka sallame su, ƙungiyar malamai ta NUT ta tafi yajin aiki a Janairun 2018. Babu uban da zai so malamin da bai iya lissafin aji huɗu ba ya koyar da ɗansa, kuma gwamnati ta yi daidai da ta ce a auna. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda aka yi amfani da sakamakon.

Kowace jarrabawa samfuri ce ta abin da mutum ya sani, kamar ɗanɗana miya da cokali. Ga misali: a ce tambayoyi 100 ne, malama kuma ta san kashi 78 na darasin. Lissafin yiwuwa ya nuna makinta zai riƙa hawa da sauka da kusan maki 4, ya danganta da tambayoyin da suka fito. Sau ɗaya cikin biyar za ta faɗo ƙasa da 75. Idan tambayoyin ba su kai 100 ba, tangal-tangal ɗin ya fi haka. Ke nan mai 74 da mai 75 kusan iliminsu ɗaya, amma ɗaya ta koma aji, ɗaya ta koma gida.

Ga kuma batun wuri. Kaduna na da ƙananan hukumomi 23, kuma duk jarrabawar da aka baza a cibiyoyi da yawa tana iya cin karo da bambancin masu sa ido da masu duba takardu: wani hannunsa a sake, wani a matse. A matakin ƙasa, hukumar TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa, ita ke yi wa malamai rajista, amma kowace jiha da hukumarta ta SUBEB. Malamai biyu masu shaidar NCE iri ɗaya, makomarsu ta dogara da jihar da suke aiki.

Kaduna da kanta ta sauya layin. Bayan jarrabawar Disambar 2021, waɗanda aka sallama a 2022 saboda maki su ne 'yan ƙasa da 40, mutum 165. Masu 40 zuwa 74 aka ce a ba su horo da wata dama. Wato maki 60 kora ne a 2017, horo ne a 2022. Tsarin na biyu ya fi dacewa da kimiyyar awo, sai dai ya bar tambaya: yaya batun waɗanda na farko ya cinye?

Shi ya sa ɗaukaka ƙara wani ɓangare ne na awon kansa. Malami ya ga takardarsa da amsoshin da aka yi hukunci da su. Wani mai duba daga wata shiyya, wanda bai ga makin farko ba, ya sake dubawa. Wanda ke dab da layi a ba shi zama na biyu, a kuma shiga ajinsa a ga koyarwarsa. Sannan a wallafa sakamako ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, da adadin makin da aka gyara bayan ƙorafi.

Duk ranar da gwamnanka ya ce zai gwada malamai, tambaye shi: wa ya gwada sikelin, kuma idan ya yi kuskure ƙofar wa malami zai ƙwanƙwasa?