Daga Fadamar Haɗeja zuwa Teburin Meziko: Nazari kan Al'adar Cin Abinci a Waje

Kwanakin baya ɗan ƙanwata da ke aiki a Abuja ya matsa sai ya kai ni wani sabon gidan abinci da aka buɗe, inda ake sayar da girkin ƙasar Meziko. Muna zama, yaron da ke hidima ya ajiye mana wani jan abin sha mai sanyi, ya ce sunansa hamaika. Na kurɓa sau ɗaya, na ajiye kofin. Ɗan nawa ya ce, "Kawu, bai yi maka ba ne?" Na ce, "Ya yi mini ƙwarai, ai zoɓo ne."

Da abincin ya iso, sai ga 'yar gurasar masara mai laushi da suke kira totiya, an zuba mata gasasshen nama da albasa da tumatir da barkono, ga ɓarin lemun tsami a gefe. Na duba farantin nan ban ga abu ɗaya da ba ya fita a fadamarmu tsakanin Auyo da Kirikasamma ba. Amma kuɗin da muka biya ya isa cefanen gida na kwanaki. Tun daga ranar tambaya ɗaya ke cin raina: me ya sa kayan da muke nomawa ba sa samun daraja sai sun sa baƙon suna?

Zumuncin da ke cikin tukunya

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, tukunyar Bahaushe ta daɗe da haɗa jini da ta Meziko. Masara a can aka fara shuka ta, a kwarin kogin Balsas, kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Ba ta tsallako teku ba sai bayan zuwan Turawan Sifaniya nahiyar Amurka a 1492. Barkono da tumatir da kabewa da gwanda da gwaiba da dankali duk daga wancan ɓangaren duniya suka zo. Kalmar tumatir ma asalinta daga harshen Nahuwatal na mutanen Aztek na Meziko ne. Wato jar miyar da muke ɗauka gadon kaka da kakanni, baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gida.

Mu ma ba mu tafi hannu sake ba. Tsamiya da riɗi sun ƙetara can, kuma yau ana shan ruwan tsamiya a kasuwanninsu, ana barbaɗa riɗi a kan shahararriyar miyarsu mai suna mole. Abin shan da suke kira orcata, wanda suke yi da shinkafa, ya gaji sunansa ne daga wani abin sha na Sifaniya da ake yi da aya, wato ɗan'uwan kunun aya. A jihar Wahaka ana soya fara da barkono da lemun tsami a sayar a kasuwa, kamar dai yadda ake yi a Haɗeja da Nguru idan kaka ta yi. Zoɓo kuwa shi ne babban abin, domin Meziko ce kan gaba wajen sayen busasshen zoɓon Najeriya, kuma Jigawa na cikin manyan masu noma shi. Buhunan da ake tarawa a Maigatari da kewayenta su ne ke sauka a tashoshin jiragen ruwansu. An taɓa dakatar da wannan ciniki na wasu shekaru saboda ƙwarin da aka samu a kayan da ba a adana da kyau ba, kuma manomanmu sun ji a jikinsu.

Yadda muka ɗauki cin abinci a waje

A al'adar ƙasar Hausa, abinci na gida ne, kuma sirri ne. Magidancin da aka gani yana cin tuwo a rumfar kasuwa a garinsu, za a yi ta tambaya ko lafiya, ko uwargida ta yi yaji. Cin abincin saye an bar wa gwauro da baƙo da matafiyi da ɗan dako. Mace mai kamun kai kuwa ba ta cin komai a bainar jama'a. Abin da ya tsaya a matsayin fita cin abinci shi ne ciyayya: bayan magariba kowane magidanci a fito masa da kwanonsa ƙofar gida, maƙwabta su zauna a tabarma ɗaya, a ci na wannan a koma kan na wancan. A nan ake sanin gidan da ke cikin matsi a tallafa masa ba tare da an kunyata shi ba, a nan baƙo da almajiri ke samun rabonsu.

Duk da haka, sana'ar abinci ba sabuwa ba ce a Haɗeja. Gari ne na sarauta da fatauci, mahaɗar hanyoyin Kano da Gumel da Nguru da Katagum, ga kasuwar kifi da ke janyo fatake daga nesa. Inda fatake ke sauka kuwa, dole a samu mai tuwo-tuwo da mai fura da mai shayi da mai tsire da balangu. Sai dai mafi yawan girkin da ake sayarwa a cikin gida ake yin sa. Uwa na ɗaka tana tuyar waina ko ƙosai, tana dafa ɗanwake ko alala, yarinya kuma na yawo da tire a ka. Wannan tsari ya riƙe gidaje da yawa, ya aurar da 'ya'ya mata ba adadi. Amma ya zo da illoli biyu da bai kamata mu kauda kai daga gare su ba. Na farko, ya hana yara mata da yawa zaman aji, ya kuma jefa su cikin haɗarin tasha. Na biyu, ya ɓoye gwanar. Ana cin wainarta ana santi, amma ba ta da rumfa, ba ta da suna a allo, ba ta da ikon ɗaga farashi gwargwadon gwanintarta.

Abin da Meziko ta yi da nata

Girkin Meziko da duniya ke rububi a yau daga irin waɗannan hannuwa ya fito. Mata ne ke niƙa masara a dutsen niƙa, su gasa totiya a faffaɗan kasko, su sayar a bakin titi. Akwai lokacin da masu kuɗin ƙasar ke ƙyamar abincin masara, suna ganin na talakawa ne da 'yan ƙauye, suna kwaikwayon girkin Faransa. A hankali marubutansu da masu dafuwarsu suka juyo, suka tattara hanyoyin girkin kowane yanki, suka ɗaga su. A 2010 hukumar UNESCO ta sa girkin gargajiyar Meziko cikin jerin al'adun da bil'adama ya gada, kuma misalin da aka kafa hujja da shi shi ne na matan jihar Micowakan masu girkin gargajiya.

Ba su kuma ji tsoron aro ba. Larabawan Lebanon da suka yi hijira can suka kai musu shawarma, su kuma suka nannaɗe naman a totiyar masara, suka sa masa yajinsu, ya zama nasu. Darasin shi ne, sun ari dabara, ba su ari tukunya gaba ɗaya ba.

Akwai wani ilimi nasu da ya fi ado amfani a gare mu. Kafin su niƙa masara, sai su tafasa ta su jiƙa a ruwan toka ko na ƙonanniyar farar ƙasa. Wannan kan saki wani sinadari mai suna niyasin da ke ɗaure a cikin ƙwayar. Yankunan da suka karɓi masara suka bar wannan dabara, irin su arewacin Italiya da kudancin ƙasar Amurka, sun sha fama da cutar felagra mai lalata fata da kawo gudawa da rikicewar hankali. Yau da tuwon masara ke ture na gero da dawa a gidajenmu, ga mu kuma mun saba da ruwan toka da kanwa a girki, wannan abu ne da ya cancanci masana abincinmu su gwada.

Sababbin gidajen abincinmu

Zamani ya riga ya sauya. Ɗalibai da ma'aikata sun yawaita, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗeja, ga jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa. Saurayi kan kai budurwarsa shan ayiskirim, magidanci kan fita da iyalinsa ranar sallah, kuma ba mai ganin laifinsu. Wannan ba abin tsoro ba ne. Abin dubawa shi ne me ake ci a waɗannan wurare. Kusan ko'ina jerin ɗaya ne: soyayyar shinkafa, kaza, shawarma, lemun kwalba. Wurin da ke da fanka da kujeru da tsafta ba ya sayar da tuwon shinkafa da miyar kifi, wurin da ke sayar da su kuma sau da yawa ba shi da inuwar kirki. A haka yaro ke tasowa da tunanin cewa abinci mai daraja shi ne na wasu. Tsintacciyar mage kuwa ba ta mage.

Ba ina kiran a kwafo girkin Meziko a kawo Haɗeja ba ne. Da yawa daga cikinsa ana yin sa da naman alade ko kitsensa, ana kuma haɗa shi da giya, don haka Musulmin da ya shiga irin wannan gida wajibi ne ya tambaya kafin ya ci. Bugu da ƙari, mafi yawan abin da ake sayarwa a wajen ƙasar da sunan Meziko, samfurin Amurka ne mai cike da cuku. Abin ara a wurinsu shi ne halin girmama na gida.

Kayan kuwa muna da su. Ga tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa, ɗanye da banda. Ga shinkafar fadama da alkamar rani, ga tattasai da attarugu da albasa da kankana, ga nono da man shanu daga rugage. Masu zuwa kallon tsuntsaye a Baturiya da fataken da ke sauka kasuwar kifi duk baƙi ne masu neman inda za su zauna su ci abin da garin ya shahara da shi. Amma duk wannan ya rataya ne a kan ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Chalawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadama ta sauya hali, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma na kuka. Mai son miyar kifi dole ya damu da lafiyar kogi.

Kammalawa

Abin da nake fata in gani a garinmu shi ne gidan abinci mai tsafta, da ɓangaren iyali inda mace za ta zauna ba tare da takura ba, da gwanayen unguwa a madafa suna karɓar ladan da ya dace da su, 'ya'yansu kuma na makaranta maimakon tasha. A kawo abinci a babban tire ga masu son ci tare, domin ruhin ciyayya ya samu sabon mazauni. A rubuta sunan kowane girki da Hausa, a faɗi ƙauyen da kifin ya fito.

Da muka tashi fita daga wancan gida na Abuja, ɗan nawa ya tambaye ni ko zan so mu sake dawowa. Na ce masa zan so, amma kafin nan shi ma ya zo gida da kaka, lokacin da ruwa ya fara janyewa, in kai shi ya ci tuwon sabuwar shinkafa da miyar kifin da aka kamo da asuba, ya kora da zoɓon da bai taɓa hawa jirgi ba.